Fausto Coppi

Angelo Fausto Coppi (an haife shi ranar 15 ga Satumba, 1919, ya mutu ranar 2 ga Janairu, 1960) ɗan tseren keke ne ɗan ƙasar Italiya, wanda ya yi fice a tseren dogon zango da ake yi a kan tsaunuka. Ya lashe gasar Giro d'Italia sau biyar, a 1940, 1947, 1949, 1952 da 1953, ya lashe gasar Tour de France sau biyu, a 1949 da 1952, kuma ya zama zakaran duniya a 1953. Shi ne mutum na farko da ya haɗa Giro da Tour a cikin shekara guda. An fi saninsa da ɓallewa daga cikin ayarin 'yan tsere tun da sauran tafiya mai nisa, ya yi sa'o'i yana tuƙi shi kaɗai a kan duwatsu har ya kai ƙarshe. Ya mutu yana da shekara 40 da zazzaɓin cizon sauro da ya ɗauko a gabashin ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, bayan likitocinsa sun kasa gane ciwon.

Laƙabinsa

Mutanen Italiya suna kiransa Campionissimo. Kalmar ta fito daga campione, wato zakara, sai aka liƙa mata ɗafin ƙeya na -issimo, wanda a Italiyanci ake liƙa wa sifa don nuna ta kai matuƙa. Liƙa shi a jikin suna baƙon abu ne a nahawun harshen, kuma ma'anar da ta fi kusa a Hausa ita ce zakaran zakaru. Kafin Coppi, Costante Girardengo ne yake da wannan laƙabi. Ana kuma ce masa Airone, wato zalɓe, saboda dogayen ƙafafunsa da siririn jikinsa da faɗin ƙirjinsa. Waɗanda suka san shi sun ce idan yana tafiya a ƙasa ba shi da wani fasali, sai ya hau keke ake ganin kyawun tsarinsa.

Farkon rayuwa

An haife shi a Castellania, wani ƙaramin ƙauyen manoma da ke kan tuddai a lardin Alessandria, yankin Piemonte a arewa maso yammacin Italiya. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar na Domenico Coppi da Angiolina Boveri. Bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara 13 ya tafi garin Novi Ligure ya kama aikin yaron shago a wurin wani mai sayar da nama, yana kai wa mutane saƙo gida gida a kan keke mai nauyi. Hanyar komawa ƙauyensu hawa ce, kuma a nan ƙafafunsa suka ginu tun kafin ya san ana cin abinci da tsere. Mahaifinsa da wani baffansa ma'aikacin jirgin ruwa, wanda shi ma sunansa Fausto, su suka haɗa kuɗin keken tserensa na farko.

A Novi Ligure ya haɗu da Biagio Cavanna, wani mai tausar 'yan wasa da ya makance, wanda a da ya yi aiki da Girardengo. Cavanna yana gane ƙarfin yaro ta hanyar shafa tsokar ƙafa da wuya da sauraren bugun zuciya. Ya karɓi Coppi cikin almajiransa, ya tsara masa lokacin barci da abinci da atisaye, kuma ya ci gaba da zama mashawarcinsa kusan tsawon rayuwarsa.

Yadda tseren yake a zamaninsa

Giro d'Italia, wadda aka fara a 1909, da Tour de France, wadda aka fara a 1903, gasanni ne na kimanin mako uku. Ana raba tafiyar zango zango, kowace rana da nata, sannan a tara lokacin da kowa ya ɓata tun daga ranar farko. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ke kan gaba, shi ke sa rigar girma: mai ruwan hoda a Giro, rawaya a Tour. A shekarun Coppi tsawon Tour yakan wuce kilomita 4,500, kuma ba abin mamaki ba ne zango ɗaya ya haura kilomita 250.

A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya babban abokin gaba shi ne iska. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage wahala sosai, shi ya sa 'yan tsere ke tafiya a dunƙule, kuma shi ya sa wanda ya ɓalle shi kaɗai yawanci ayari ke cim masa. A kan dutse lissafin yana canjawa: gudu yana raguwa, laɓewa ba ta da amfani sosai, abin da ya rage shi ne ƙarfin mutum idan aka auna shi da nauyin jikinsa. Yawancin hanyoyin tsaunin Alps da Dolomiti a lokacin ba su da kwalta, tsakuwa ce da laka, kekunan na ƙarfe ne masu giya kaɗan, kuma ɗan tsere yakan rataya tayar safaya a kafaɗa saboda faci. A saman mashigar dutse akwai sanyi da ƙarancin iskar shaƙa, a gangara kuma akwai kwanoni masu kaifi da babu shinge.

Kowace ƙungiya tana da jagora ɗaya, sauran kuma masu yi masa hidima ne. Italiyawa suna kiran irin wannan ɗan hidima gregario, kalmar da asalinta na Latin ke nufin ɗan cikin garke. Shi ke tare wa jagora iska, ya ɗebo masa ruwa, ya ba shi tayarsa ko kekensa idan ta kama.

Giro na 1940 da shekarun yaƙi

A matsayin ɗan hidima Coppi ya shiga Giro na 1940, a ƙungiyar Legnano, ƙarƙashin Gino Bartali wanda ya riga ya lashe Giro sau biyu da Tour sau ɗaya. Tun a farkon gasar Bartali ya yi karo da kare ya faɗi ya ji ciwo, ya rasa lokaci mai yawa. Da aka zo zangon Firenze zuwa Modena, Coppi ya ɓalle a hawan Abetone cikin ruwan sama, ya isa shi kaɗai, ya karɓi riga mai ruwan hoda. Da ya galabaita daga baya a tsaunukan Dolomiti, Bartali ne ya tsaya ya ƙarfafa shi. Ya lashe gasar yana ɗan shekara 20, kuma har yanzu ba a samu wanda ya lashe ta da ƙarancin shekaru kamarsa ba. An kammala gasar ranar 9 ga Yuni, washegari Mussolini ya shigar da Italiya Yaƙin Duniya na Biyu.

An ɗauke shi aikin soja, amma da farko an bar shi yana tsere. Ranar 7 ga Nuwamba, 1942, a filin tsere na Vigorelli da ke Milan, birnin da jiragen yaƙi suka yi wa ruwan bama-bamai makonni kaɗan kafin nan, ya yi tafiyar kilomita 45.798 cikin awa guda. Ya ɗara Bafaranshe Maurice Archambaud da mita 31 kacal, amma wannan bajinta ta tsaya har 1956 kafin Jacques Anquetil ya karya ta. A watan Maris na 1943 aka tura shi fagen daga a Tunisiya, a watan Afrilu sojojin Birtaniya suka kama shi. Ya zauna fursunan yaƙi kusan shekara biyu, aka dawo da shi kudancin Italiya a 1945 yana yi wa sojojin Birtaniya ƙananan ayyuka. Da aka sake shi, yawancin hanyar komawa gida a arewa a kan keke ya yi ta, cikin ƙasar da yaƙi ya ragargaza. A watan Nuwamba na shekarar ya auri Bruna Ciampolini, suka haifi 'ya mace, Marina, a 1947.

Yaƙin ya cinye masa shekaru biyar na ƙuruciya, domin ba a yi Giro ba daga 1941 zuwa 1945, Tour kuma daga 1940 zuwa 1946. Duk mai kwatanta yawan nasarorinsa da na waɗanda suka zo bayansa sai ya sa wannan a lissafi.

Dawowa da hamayya da Bartali

A 1946 ya koma ƙungiyar Bianchi, mai riga shuɗiya da fara, inda ya zama jagora. Ranar 19 ga Maris aka yi tseren Milan zuwa Sanremo, mai tsawon kilomita 293. Coppi ya bi wasu da suka ɓalle tun da sassafe, ya zubar da su ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake mashigar Turchino shi kaɗai da sauran kusan kilomita 150 a gabansa. Ya isa Sanremo minti 14 kafin na biyu, Bafaranshe Lucien Teisseire. Ana ba da labarin cewa gidan rediyo sai da ya sa kiɗan rawa kafin na biyun ya ƙaraso.

Daga nan Italiya ta rabu biyu tsakanin magoya bayan Coppi da na Bartali. Bartali ya girme shi da shekara biyar, mutumin Toscana ne, mai riƙo da addinin Katolika, mai yawan magana, mai jurewa kamar jaki. Coppi ɗan arewa ne, mai kunya, marar yawan magana, mai son sababbin dabaru. 'Yan jarida sun mayar da su tutar ɓangarori biyu na siyasar ƙasar, masu bin coci da masu ra'ayin gurguzu, ko da yake wannan rabo ya fi zama a takarda fiye da a zukatan mutanen biyu. Bartali ya lashe Giro na 1946 da ratar sakan 47, Coppi ya rama a 1947. A Giro na 1948 Coppi ya janye tare da ƙungiyarsa don nuna fushi, saboda yana ganin hukuncin da aka yi wa Fiorenzo Magni, wanda 'yan kallo suka riƙa turawa a kan hawa, ya yi sauƙi. Mafi munin abin da hamayyar ta haifar ya faru a gasar duniya ta 1948 a Valkenburg, ƙasar Holan. Su biyun suna wakiltar Italiya, amma kowa ya tsaya gadin ɗan'uwansa, ba mai son ya ja ɗayan zuwa nasara, har tseren ya kuɓuce musu suka sauka daga keke. Hukumar kekuna ta Italiya ta dakatar da su duka na wani lokaci.

Shekarar 1949

Zangon da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne na 17 a Giro na 1949, daga Cuneo zuwa Pinerolo, ranar 10 ga Yuni. Tsawonsa kilomita 254, ya ratsa cikin Faransa ya dawo Italiya, kuma yana da mashigun dutse biyar a jere: Maddalena, Vars, Izoard, Montgenèvre da Sestriere. Izoard, wadda ta fi sauran tsawo, ta kai mita 2,360, wato kaɗan ya rage ta kamo Chappal Waddi na jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya. Ranar akwai ruwa da sanyi, hanyar kuma duk laka.

Coppi ya ɓalle tun a hawan farko, Maddalena, abin da masu hankali a sana'ar za su kira wauta, domin akwai sauran mashigu huɗu da doguwar gangara zuwa Pinerolo. Bartali ya biyo shi, shi ma shi kaɗai, amma ratar sai ƙaruwa take yi daga wannan dutse zuwa wancan. Coppi ya yi kilomita 192 babu kowa a gefensa, kusan kamar a tashi daga Sakkwato a je Tambuwal a dawo, sai dai a nan hanyar hawa ce da gangara. Ya shafe sama da awa tara a kan sirdi, ya isa minti 11 da sakan 52 kafin Bartali. Marubuci Dino Buzzati, wanda ya bi gasar a madadin jaridar Corriere della Sera, ya kwatanta ranar da faɗan Achilles da Hector na tatsuniyar Girkawa, inda Bartali ya zama jarumin da ƙaddara ta riga ta yanke wa faɗuwa. Coppi ya lashe Giro ɗin da ratar sama da minti 23.

Makonni kaɗan bayan haka ya shiga Tour de France karo na farko. A lokacin ƙasa ƙasa ake shiga Tour, don haka dole shi da Bartali suka zauna a tawaga ɗaya ƙarƙashin tsohon zakara Alfredo Binda, wanda ya sha wahala kafin ya sasanta su. A zango na biyar, hanyar Saint-Malo, Coppi ya yi karo da Jacques Marinelli mai rigar rawaya, kekensa ya lalace, ya tsaya jiran wani, zuciyarsa ta karye. Ya kwana yana bayan na gaba da sama da rabin awa, yana cewa gida zai koma. Wannan hali ne da aka san shi da shi: jiki mai ƙarfi, zuciya mai saurin sarewa. Binda da abokan tawaga suka lallashe shi ya zauna. Ya fara rage bashin a tseren agogo, inda kowa ke tafiya shi kaɗai, sannan a tsaunukan Pyrenees. A Alps shi da Bartali suka ɓalle tare a kan Izoard ranar 18 ga Yuli, ranar da Bartali ya cika shekara 35, Bartali ya ci zangon a Briançon. Washegari a hanyar Aosta suka sake ɓallewa tare, tayar Bartali ta yi faci, ya kuma faɗi, aka ba Coppi umarnin ya wuce. Ya ƙara da cin tseren agogo mai kilomita 137 daga Colmar zuwa Nancy, ya shiga Paris da ratar minti 10 da sakan 55 a kan Bartali.

Karaya da rashin ƙane

A 1950 ya lashe Paris zuwa Roubaix da Flèche Wallonne, sannan ya faɗi a Giro ya karya ƙashin ƙugu. Ƙasusuwansa ba su da ƙwari, kuma ya sha karaya a tsawon sana'arsa. Babban rashi ya zo a watan Yuni na 1951. Ƙanensa Serse, wanda yake tsere a ƙungiya ɗaya da shi kuma shi ne mai kwantar masa da hankali, tayarsa ta faɗa layin dogon taragon cikin gari a Torino dab da ƙarshen Giro del Piemonte. Ya bugu a ka, ya tashi ya koma masauki kamar ba komai, bayan 'yan sa'o'i ya mutu. Coppi ya shiga Tour na shekarar cikin makoki, ya ƙare na goma, ko da yake ya ci zangon Briançon.

1952 da 1953

A 1952 ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Ya lashe Giro, sannan ya tafi Tour, wanda a shekarar ne aka fara ƙare zango a ƙololuwar dutse. Akwai irin wannan zango uku, a Alpe d'Huez, Sestriere da Puy de Dôme, kuma duk shi ya cinye su. Shi ne mutum na farko da ya ci zango a Alpe d'Huez, hawan da daga baya ya zama mafi shahara a gasar, bayan ya zubar da Jean Robic kilomita kaɗan kafin sama. Kwana ɗaya kafin nan wani ɗan hidimarsa, Andrea Carrea, ya tsinci kansa da rigar rawaya ba da niyya ba, ya shiga damuwa yana tsoron ya yi wa maigidansa rashin kunya, abin da ke nuna yadda girman jagora yake a tsarin wancan zamani. Ratar Coppi ta yi yawa har masu shirya gasar suka ƙara kuɗin kyautar na biyu don sauran su samu abin yi wa takara. Ya gama da ratar minti 28 da sakan 17 a kan Stan Ockers na Beljiyam. A wannan Tour ne aka ɗauki hoton nan da Italiyawa suka fi so, na Coppi da Bartali suna miƙa wa juna gorar ruwa a kan hawa, wanda har yau ake gardamar wa ya ba wa.

A Giro na 1953 Hugo Koblet na Suwizalan ne ke kan gaba har saura kwana biyu, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. A ranar aka hau mashigar Stelvio karo na farko a tarihin gasar, mai tsawon sama da mita 2,750 da kwanoni 48 a gefen da aka hau, ga dusar ƙanƙara tsibi tsibi a bakin hanya. Coppi ya kai hari a tsakiyar hawan, ya gangara Bormio shi kaɗai, ya ƙwace rigar. Nasararsa ta biyar ke nan, ya kamo Binda, kuma bayansu Eddy Merckx ne kaɗai ya kai wannan adadi. A ƙarshen watan Agusta ya zama zakaran duniya a Lugano da ratar sama da minti shida.

Dabarunsa

Ana ɗaukar Coppi a matsayin wanda ya shigo da tsarin zamani cikin sana'ar. Ya rage cin nama mai nauyi kafin tsere, ya koma cin abinci kaɗan kaɗan a kai a kai yana kan keke. Ya fi son atisaye mai tsanani fiye da tara kilomitoci a banza, ya damu da nauyin keke da ingancin giya, kuma ya gina ƙungiyar da kowa a cikinta ya san aikinsa. Akwai kuma ɓangaren da ba abin yabo ba ne. Ya amsa a bainar jama'a cewa yana shan ƙwayoyin ƙara kuzari na amfetamin, waɗanda 'yan tsere ke kira bomba, kuma ya nuna cewa kusan kowa na sha. A lokacin babu dokar da ta hana, gwajin ƙwaya bai shigo Tour ba sai 1966.

Rayuwar iyali

A Lugano ne jama'a suka fara ganin Giulia Occhini a gefensa, matar wani likita, wadda jaridu suka laƙaba wa suna Farar Mace saboda farar rigar sanyi da aka gan ta da ita. Dukansu suna da aure, Italiya kuma a lokacin ba ta da dokar saki, zina laifi ce a kotu. Sun bar gidajensu suka tare tare a 1954. An tsare Occhini na 'yan kwanaki, a 1955 kotu ta yanke musu ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, shi wata biyu, ita wata uku. Ta tafi Buenos Aires a Ajantina ta haifi ɗansu Faustino a can a 1955. Coci ta yi tir da su, magoya baya da yawa suka juya masa baya.

Daga nan tauraronsa ya fara dusashewa. Ya lashe Giro di Lombardia karo na biyar a 1954, ya zo na biyu a Giro na 1955 da ratar sakan 13 bayan Magni, amma ya ci gaba da tsere har ya kusa shekara 40, lokacin da yaran da ba su kai shi ba suke wuce shi. A ƙarshen 1959 ya amince ya koma ƙungiyar San Pellegrino, wadda tsohon abokin hamayyarsa Bartali ke jagoranta.

Tafiya Afirka ta Yamma da mutuwarsa

A watan Disamba na 1959 aka gayyace shi Haute-Volta, ƙasar da ke shirin samun 'yancin kai daga Faransa ƙarƙashin Maurice Yaméogo, wadda Thomas Sankara ya sauya wa suna zuwa Burkina Faso a 1984. Ya tafi tare da 'yan tseren Faransa, cikinsu akwai Jacques Anquetil, Raphaël Géminiani, Henry Anglade da Roger Hassenforder. Sun yi tseren nuni a Wagadugu tare da 'yan ƙasar, Anquetil ya zo na ɗaya, Coppi na biyu. Coppi mai son farauta ne, kuma ita ce ta fi jan hankalinsa a tafiyar. Aka kai su gabashin ƙasar, yankin Fada N'Gourma da ke kan hanyar Wagadugu zuwa Yamai. A can ya kwana ɗaki ɗaya da Géminiani, sauro ya hana su barci.

Bayan sun koma Turai, kafin ƙarshen wata, zazzaɓi ya kwantar da su duka biyun. A Faransa Géminiani ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba, har aka aika jininsa cibiyar Pasteur, inda aka gano Plasmodium falciparum, nau'in ƙwayar maleriya mafi kisa, wanda shi ne ya fi yawa a ƙasar Hausa da sauran Afirka ta Yamma. Aka ba shi kwinin ya tashi. Iyalansa sun buga waya Italiya don su sanar da abin da aka gano, amma likitocin Coppi suka tsaya a kan cewa mura ce mai tsanani da ciwon huhu. Italiya ba baƙuwar maleriya ba ce, shekaru kaɗan kafin nan ta gama fama da ita, kuma maganin yana nan a hannu. Haɗarin falciparum ga wanda jikinsa bai saba da ita ba shi ne jinkiri: cikin 'yan kwanaki takan toshe ƙananan hanyoyin jini ta taɓa ƙwaƙwalwa da huhu da ƙoda. An kai shi asibitin Tortona ranar 1 ga Janairu, 1960, ya mutu washegari da safe da ƙarfe 8:45. Géminiani kuwa ya rayu har 2024, ya mutu yana da shekara 99.

A 2002 an yaɗa wani zance cewa guba aka ba shi a Afirka. Masu gabatar da ƙara na Tortona sun bincika, ba su samu hujja ba, suka rufe maganar.

Tunawa da shi

Dubban mutane sun taka laka da sanyi zuwa Castellania don jana'izarsa, kuma an binne shi a can, inda kabarinsa yake kusa da na Serse. Tun daga 1965 mashigar da ta fi kowace tsawo a Giro na kowace shekara ana kiranta Cima Coppi, wato ƙololuwar Coppi, kuma wanda ya fara isa wurin yana samun maki na musamman. A kan Izoard akwai abin tunawa da shi tare da Louison Bobet, akwai wani kuma a kan Pordoi. A 2019, da ya cika shekara ɗari da haihuwa, aka sauya sunan ƙauyensu zuwa Castellania Coppi. Bayansa mutum bakwai ne suka haɗa Giro da Tour a shekara ɗaya: Anquetil, Merckx, Bernard Hinault, Stephen Roche, Miguel Indurain, Marco Pantani da Tadej Pogačar a 2024. A Burkina Faso kuma tseren keke ya kafu sosai, kuma tun 1987 ƙasar take shirya gasarta ta zango zango, Tour du Faso.